Takalman da Na Cire a Tandabawi

Wannan abu da zan gaya muku wallahi a kaina ya faru, ba ji na yi a bakin wani ba, kuma da rana tsaka, a garin nan na Makka inda aka yanke cibiyata. Shekarun baya ne kaɗan, ba lokacin aikin Hajji ba, gari ya yi sauƙi sai masu Umra. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma duk wanda ya san ni a unguwar Rusaifa ya san in baƙi suka zo daga Najeriya ni ake nema in kai su ziyara, don babu dutse ko kwari a ƙasar nan da ban san sunansa da labarinsa ba.

To a lokacin ana neman auren jikata Hafsa. Yaron ɗan Kano ne, sai uwarsa Hajiya Rabi ta zo Umra tare da ƙanwar mijinta, wata Hajiya Talatu, doguwa mai kaifin baki. Kowa ya san ba Umra kaɗai ta kawo su ba, sun zo su ga gidan da ɗansu zai ɗauko mata, su bincika ko akwai wani abu a jininmu. Ɗana Usman, uban yarinyar, tun a gida ya ja ni gefe ya ce, "Ummi, don Allah yau a taƙaita labari." Na ce ya riƙe sitiyarinsa ya bar min bakina.

Muka fara da Dutsen Saur, muka wuce Arfa suka hau Dutsen Rahma suka sha hotuna, muka ratso Muzdalifa, fili fetal ba kowa, na nuna musu inda ake kwana da inda ake tsintar tsakuwa, muka bi ta Mina suka ga tantuna jere ba mutum ko ɗaya, ni kuwa bakina bai huta ba. Hajiya Rabi sai gyaɗa kai take tana salati. A gindin Dutsen Nur ne, muna shan ruwa, Hajiya Talatu ta dube ni ta ce, "Kai, Hajiya kin san gari. Wace shekara kika shigo ne? Ko Umrar ce aka zo aka maƙale?"

Jama'a, ni da kakana ya tako da ƙafarsa ta Chadi da Sudan, ni za a yi wa wannan tambaya. Na ce wa Usman ya juya mota zuwa tsohuwar unguwarmu Tandabawi, in nuna musu ɗakin da aka haife ni. Ya ce, "Ummi, layinku fa an rushe, ba komai sai fili." Na ce ko ƙasar ce su gani.

Muka ajiye mota a ƙasa muka hau da ƙafa, ina gaba suna baya. Na zagaya wata katangar kwano da aka kewaye wurin da ita, ai kuwa sai ga layinmu. Na rantse da Wanda raina ke hannunSa, ga shi nan yadda na san shi, matsattsen lungu, inuwa mai sanyi, ƙamshin ƙosai, ga koriyar ƙofar maƙwabciyarmu Iya Kaltume a buɗe, ita kuma tana zaune a tabarma daga ciki tana ɗaure aswaki dami-dami, sana'arta ke nan tun ina yarinya. Iya Kaltume fa ta rasu tun Usman yana goye, ni na riƙa miƙa ruwa a wankan gawarta. Amma ko kusa wannan bai zo min a rai ba, kuma tsoro bai kama ni ba, abin da ke tayar min da tsigar jiki ke nan har yau. Murna ma na yi, na ce yawwa, ga shaida.

Na tuɓe takalmana a bakin ƙofa yadda aka koya mana, na shiga na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa da muryar nan tata mai kaushi, ta tambayi yara, ta ce na yi ƙiba. Na ce, "Iya, kin ji Inna ta riga mu gidan gaskiya," ina nufin mahaifiyata. Sai ta yi dariya ta ce, "Wace Innar? Ai ɗazu ta fita daga nan." Ta leƙa bayana ta ce, "Waɗannan baƙinki ne? Su ba sa gaisuwa?"

Nan ne inda in na tuna nake rufe fuska. Na waiwaya na daka wa matan nan tsawa, na ce su durƙusa su gaida babba, ko a Kanon ba a koya musu ba ne. Sai na ji hannun Usman a damtsena yana cewa, "Ummi tashi, halas, ya isa haka, tashi mu tafi." Na ce ya bari in ɗauki takalmana. Iya Kaltume ba ta ko ɗago kai daga aswakinta ba ta ce, "Bar su nan, ai ba daɗewa za ki yi ba."

Ina miƙewa rana ta doke ni a ido. Ba lungu, ba ƙofa, sai tsakuwa da ɓaraguzai da wata motar rusau can nesa, gwiwoyina duk ƙura. Takalma kuwa babu. Fili ne a shimfiɗe, ko kyanwa ba ta gitta ba, Usman ya duba har ya gaji. Haka na sauko ba takalmi, ƙasa na ƙona min tafin ƙafa, ina ɗingishi a gaban surukai, ina jin Hajiya Talatu na tambayar ɗana ƙasa-ƙasa, "Dama takan yi haka? Akwai mai yi a danginku?"

A gida Hafsa ta kulle kanta a ɗaki tana kuka. Usman ya durƙusa gabana ya ce in ban je na gyara ba, maganar auren ta mutu, za su koma su ce akwai taɓin hankali a gidan. Washegari na yafa mayafina, ni da ban taɓa janye magana ba, na je masaukinsu na ce da bakina ban ga kowa ba, ciwon suga ne da rana da tsufa, su yafe min tsawar da na yi musu. Hajiya Talatu ta ce, "To takalman fa?" Na ce tun a Mina na manta su. Dukkansu sun ga lokacin da na tuɓe su. Sai Hajiya Rabi ta ce, "Haka ne, ni ma ban ga takalmi a ƙafarta ba." Ko rufa min asiri ta yi, ko ita ma ta ga wani abu a can, ban tambaye ta ba, ita ma ba ta ƙara ba.

An ɗaura aure, har sun haihu. Ni kuwa daga ranar ba a sake cewa in kai baƙo ziyara ba, in an zo sai a ce Hajiya ba ta jin daɗi, ina ɗaki ina jin su suna fita, wani yaro yana karanta musu labarin duwatsun a waya.

Ban san me na gani ba, kuma ban nemi a fassara min ba. Abin da zan ce muku, in kun zo ziyara ku tsaya inda ake kai mutane, kada zuciya ta ja ku zuwa kangon da masu shi suka tashi, in kuwa kun je, ku yi addu'a daga tsaye ku wuce, kada ku tuɓe takalmi a ƙofar kowa. Ni nawa suna can a ajiye, an kuma gaya min ba daɗewa zan yi ba.