Askar Lado Mahauci

Lado mahauci ne a kasuwar Talata Mafara, ƙato, bai taɓa kwana asibiti ba. Ranar da matar ƙanensa ta zubar da jini wurin haihuwa, shi ya fara miƙa hannu a ɗebi jininsa a ƙara mata, abokan sana'arsa na bayansa.

Aka gwada jininsu, aka ware Lado da wani guda, aka ɗebi na sauran.

"Kana da ƙwayar ciwon hanta," in ji ma'aikaciyar jinya.

"Malama, dube ni da kyau. Cinyar sa nake ɗauka a kafaɗa."

"Ba ta nunawa a fuska. Da yawa na yawo da ita ba su sani ba. Ta jini take bi, ko a aska ɗaya ana ɗaukarta."

Ranar bai ci tuwo ba. Washegari ya tasa matarsa Shatu da yara zuwa gwaji. Babban ɗansa na da ita, sauran aka yi musu rigakafi.

Tun daga nan Lado ke zuwa aski da askarsa a aljihu. Wanzaminsa ya yi fushi, ya ce ba a taɓa raina ƙarfen gidansu ba. Yanzu rabin mahautan da tasu suke zuwa, kuma wanzamin ne ke wasa musu su.