Shatin Kofi a Shafin Farko

Duk wanda ya taɓa aski a layin nan ya san hannun Mai Fenti, ko da bai san fuskarsa ba. Shi ya zana kawunan da ke allon kowane shagon aski, da takalmin da ke ƙofar mai gyaran takalma, da wani kifi a shagon mai kifi wanda har gobe ana gardamar ko kifi ne ko jirgin sama. Shekara arba'in da ɗoriya ya yi a kan tsani, gwangwanin fenti rataye a gwiwar hannu, buroshi ɗaya a hannu ɗaya a baki. Kawunan askin nan kuwa duk gefe suke kallo, bai taɓa zana mutum yana fuskantar mai kallonsa ba. In an tambaye shi dalili sai ya ce aski ake talla, ba idanu ba.

Da injin buga hotuna ya shigo, masu shaguna suka koma liƙa leda mai ƙyalli, sai ya jingine tsaninsa a bayan ɗaki ba tare da wata rigima ba. Zane dai bai daina ba. Yana yi a bayan tsohuwar kalanda, a kan ambulan, a kwalin magani, duk takardar da ta riga ta gama amfaninta.

Wurin da ba ya zane shi ne cikin littafin zane. Kuma yana da su, guda goma sha bakwai cif, jere a saman kabad, kowanne a cikin ledarsa. Tun yana saurayi yake saye. Akwai mai bangon fata, akwai mai waya a gefe, akwai mai takarda mai kauri da aka ce ko ruwa ka zuba mata ba ta lanƙwasa. Lokaci-lokaci yakan sauko da su, ya wanke hannu, ya buɗe, ya shafa, ya shinshina, ya mayar. Yana cewa sai hannunsa ya faɗa sosai zai fara. Matarsa kuwa takan gaya wa baƙi cewa 'ya'ya biyar ta raina da littattafai goma sha bakwai, kuma littattafan ne kaɗai ba su taɓa dawo mata da datti ba.

Ana nan sai Auta, 'yarsu ta ƙarshe da aiki ya kai wata ƙasa mai nisa, ta bugo waya. Ta ce Baba ya zo ya yi wata huɗu. Akwai kogi, akwai gadoji, akwai tsofaffin jiragen ƙasa, za ta riƙa yawo da shi gari-gari ya zana abin da ransa ke so.

"Ba tsani, ba mai shago a kanka yana cewa a ƙara ja," in ji ta. "Ka taho da littattafan nan naka, Baba. Tun ina rarrafe ake hana ni taɓa su."

Uwar ta ce ita gwiwarta ba ta hawan matakalar jirgi, su gaisa da kogin. Shi kuwa ya yi dariya ya amsa, amma da ya ajiye wayar sai ya cusa hannun damansa a aljihu. Tun bara hannun ya fara rawa. Likita ya gaya masa gaskiya: magani zai rage, amma abin gaba zai yi, ba baya ba. Bai faɗa wa kowa ba. Ya dai san cewa idan bai cika ko littafi ɗaya a wannan tafiya ba, to shi ke nan, kuma abin na ci masa rai.

Mako uku aka yi ana zaɓen kaya. Ya shimfiɗa tabarma a tsakar falo ya baje komai: fensira masu tauri da masu laushi, gawayin zane, kwalin kalar ruwa, tawada, kilina guda shida, reza don feƙe fensir. Ya ɗauki wannan littafi ya ce ya yi girma, ba ya shiga jakar kafaɗa. Ya ɗauki wancan ya ce takardarsa ta yi santsi, gawayi ba zai zauna ba. Ya je kantin takardu sau huɗu neman shawara, har mai kantin ya fara shigewa bayan kanta in ya hango shi. A zuwa na huɗu ya dawo da littafi na goma sha takwas.

"Sannu da ƙoƙari, Malam," in ji matarsa. "Dama ƙarancinsu ne ya hana ka farawa."

Sai maganar nauyi. Auta ta ce kilo ashirin da uku jirgi ya yarda, ko ɗigo kada ya ƙaru. Aka aro sikeli wurin maƙwabciya. Mai Fenti ya hau rungume da akwati, ba ya ganin lambar saboda akwatin da kuma tumbi, ita kuma tana daga kujera da tabarau tana karanto masa. Da aka cire nauyinsa, akwati ya tashi kilo talatin da ɗaya. Ya cire takalma daga akwatin. Ya cire riguna huɗu. Ya cire rigar sanyin da Auta ta yi ta nanatawa a kanta. Da ya kai hannu kan ledar magungunansa sai matar ta yi gyaran murya, ya mayar.

Saura kwana biyu tafiya, da hantsi, ya fita yin aski. Matar ta buɗe akwatin don ta cusa rigar sanyin a ɓoye, sai ta ga wuri ya samu har ya yi yawa. Babu littafi ko ɗaya. A maimakonsu ga wani ƙunshin tsofaffin kalandu, an yanka su daidai wa daida, an huda, an ɗinke da zaren buhu. Ta ɗaga kai, ga goma sha takwas can saman kabad sun koma layinsu.

Da ya dawo ya tarar da ita zaune a falo, kofin shayi a hannu, ƙunshin kalandun a cinya.

"Malam, wannan fa? Ƙasar tasu ba su san kwanan wata ba ne za ka kai musu?"

"Sun fi sauƙin ɗauka," in ji shi, yana kallon bango. "Kin ga nauyi..."

"Nauyi. To."

Ya zauna a bakin tabarma. Ya daɗe yana juya wani fensir, sannan ya zaro hannun daga aljihu ya miƙa shi a gabanta. Yatsun na karkarwa a fili.

"Maman yara, dubi nan. Lokacin da hannun nan ke jan layi daga wannan bango zuwa wancan ba ruwansa da rula, ban ga ya isa taɓa su ba. Yanzu ne zan ɓata su?"

"Ka ɗauka ban sani ba?" ta ce a hankali. "Shekara guda ina jin cokali na kaɗa kofinka ba kai ka kaɗa shi ba."

Tausayinsa ya kama ta, amma ta san mijinta, in aka lallashe shi sai ya ƙara narkewa. Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta ɗauki sandar shara ta zunguro littafin da ke can ƙarshe, mai koren bango, wanda ya saya shekarar da aka haifi Auta, wanda ko shinshina shi ba ya yi sai ya canja riga. Ta zare ledar. Ta buɗe shafin farko a kan tebur. Ta ɗan girgiza kofinta har shayi ya gangaro ta gefe, ta ɗora shi daram a tsakiyar farar takardar.

"Ke! Ke! Maman yara!"

Kafin ya taso ta ɗage kofin. Ga shatinsa nan, zagaye, ruwan ƙasa, har da ɗigo biyu a gefe.

"Ayya, ya ɓaci," ta ce, ko a jikinta. "Yanzu ba shi da maraba da kalanda. Miƙo mini mai bangon fatar nan."

Ya fizge littafin ya rungume. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Shekara talatin da ɗaya yana kare takardar nan daga ƙura, da ɓera, da yara biyar. Ya zauna yana kallon shatin. Ita ta koma kujerarta ta ci gaba da kurɓar shayi.

Can dai ya karkata kai, irin yadda yake yi wa sabon allo kafin ya hau tsani. Zagayen bai cika daidai ba, ƙasansa ya ɗan faɗaɗa. Ya dubi matarsa, ya dubi shatin, ya sake dubanta. Fensirin nan dama yana hannunsa.

"Kada ki motsa."

"Na juya gefe, irin na masu aski?"

"A'a. Kalle ni."

Layin farko ya fito a karkace. Na biyu ma haka. Ya miƙa hannu wajen kilina, ta sa ƙafa ta ture duka shidan ƙarƙashin kujera. Sai ya ci gaba. Shatin kofin ya zama fuska, ya ɗora ɗankwali a sama, ya sa tabarau, ɗigon nan biyu ya mai da su ɗan kunne. Da ya zo kan idanu ya tsaya ya daɗe, don shekara arba'in yana zille musu, sannan ya zana su suna kallonsa kai tsaye, da wannan hararar da ya fi kowa sani.

Ya juya mata littafin. Ta gyara tabarau ta ƙura ido.

"Kunne ɗaya ya fi ɗaya," ta ce daga baya. "Kuma ka ƙara mini kumatu. Yago mini shi in ajiye."

"Ina! Wannan shafin da ni zai tafi, ke ma kin bi ni ke nan. Sai ki ga kogin da kanki."

Ta goge gefen ido da bakin mayafi, ta ce tururin shayi ne. Shi kuma ya miƙe ya tsaya gaban kabad, kuma zaɓen da ya gagare shi mako uku ya yi shi a minti ɗaya: ya sauko da mai bangon fata da ƙaramin da ke shiga aljihu. Ya cire musu leda da kansa, ya buɗe shafin farko na kowanne, ya jera su a gabanta a kan tebur.

"Yi sauri," ya ce, "kafin ki shanye."