Matar da ke Tura Agogo Gaba

Kullum da safe, kafin shayinta ya huce, sai ta gyara tabarau ta tura agogon kwamfutarta gaba. Yau ta kai shi ƙarshen wata, gobe ta tsallaka da shi sabuwar shekara, don ta ga ko shafin intanet na asibiti zai rikice wajen nuna rana da lokaci. Abokan aikinta na tsokanarta, wai Uwar Agogo ta riga kowa shiga baɗi. Ita ke rubuta umarnin da shafin yake bi, a ɗan ofishinta na bayan ɗakin magani. Yanzu ritaya ta zo.

Ni direba ne, bokona bai yi nisa ba. Autata na fama da ciwon zuciya, likitanta kuma yana wata ƙasa, ta bidiyo ake ganinsa a asibitin. Wanda lokacinsa ya wuce sai ya jira watanni, ga yarinya numfashi na yi mata wuya. Na yi ta duba shafin nan har maiɗakina ta ce zan siɗe gilashin wayar.

Ana saura 'yan kwanaki mu ga likita sai ga kiran Uwar Agogo.

"Baban Auta, ƙarfe nawa ka gani?"

"Sha ɗaya, Malama."

"To, goma ne. Ƙasar likitan za su tura agogonsu gaba da awa guda, shafin kuma bai san da haka ba. Na gyara."

"Agogon ƙasa sukutum? Wa ya aike su?"

Ta yi dariya. "Haka suke yi duk shekara. Kai dai ku zo da wuri, ka bar hawan jinin nan a gida."

Wata nas ta shaida mini ba ni kaɗai ta kira ba, duk iyayen da abin ya shafa ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ita ce kuma ta dage a riƙa rubuta sunan rana da na wata da kalmomi, ba lambobi zalla ba, saboda irina.

Malama, ke ce gishiri, sai an rasa ki ake sanin aikinki. Na gode, Allah ya saka da alheri. Ku kuma matasan da za ku gaji kujerarta, ku riƙa tunawa akwai ɗan wani a bayan kowane lokaci da kuka sa a allo.

Likita ya ga Auta, ya canza mata magani. Jiya ta hau benen gidanmu ba ta tsaya hutawa ba.