Tsanin Baba Ya Bar Zaure

Shekara bakwai ke nan da aka fita da Baba daga gidanmu na Gaya zuwa makwancinsa. Duk shekara in watan ya kama, Umma kan soya waina a raba sadaka, ni ce mai juyawa. Bana ban iya ba. Hannuna rawa yake, cokali yana ta buga tanda, har Umma ta ce in koma gefe. Shi ya sa na ɗauki biro, ko da yake shi ma ba ya zama a hannun yadda ya kamata. Ni ba marubuciya ba ce, sakandare kawai na gama. A yi haƙuri da ni.

Mahaifina, Alhaji Sale, ya yi ritaya ne yana darakta a sashen saye-saye da bayar da kwangila na wata ma'aikatar gwamnati a Kano. Amma a Gaya ba da kujerarsa aka san shi ba, da tsani aka san shi. Wani tsanin ƙarfe ne mai naɗewa, kullum yana ɗaure a kan motarsa. In ya ratsa kasuwa sai abokan wasansa su ɗaga murya: "Darakta, gidan wa wuta ta lalace?" Ya yi dariya ya wuce. 'Yan kwangila kuwa Jemage suke ce masa a bayan ido, domin ba a taɓa miƙa masa sabon gini ya sa hannu a biya ba sai ya tuɓe babbar riga, ya naɗe ƙafar wando, ya shige cikin silin da tocila. Kuma ba shi kaɗai yake hawa ba. Ɗan kwangila ne a gaba, injiniya na biye, shi a ƙarshe. Abin da yake nema ɗaya ne: an ɗaure katakon rufi da rodi a jikin bango, ko kuwa ɗora shi kawai aka yi aka buga ƙusa?

Ba zan ce Baba ba shi da aibu ba. Yana da faɗa. Kuma saboda sai ya gani da idonsa, akan gama gini ya yi zango guda a kulle yara na zaune a waje, ana jiran Jemage ya samu sarari. Mutane sun zage shi a kan haka, wataƙila ma da gaskiyarsu. Muna yara, kunyar tsanin nan muke ji. Babban yayanmu, Yaya Nasiru, ya fi kowa tsanarsa, don shi ake sa wa ɗaurewa da saukewa.

Yanzu ina koyarwa a matsayin malamar sa-kai a wata firamare da ke wani ƙauye a gefen Ajingi, ina kwana a wurin gwaggona. Bara aka gina mana sababbin ajujuwa, gini biyu, fenti shar, kwano na ɗaukar ido. A farkon damanar nan, gab da tashi, hadari ya haɗo daga gabas. Na rufe tagogi, na ce wa 'yan aji biyu su ci gaba da karanta baƙaƙe. Sai muka ji wani ƙara kamar ana yaga sabon yadi, amma yadin da ya kai faɗin gari. Na ɗaga kai, sai na ga sama. Sama, a cikin aji. Rufin gaba ɗaya ya tashi kamar an ɗauke faifai daga kan ƙwarya.

Ban san lokacin da na tura yara ƙarƙashin benci ba. Abin da nake tunawa shi ne "Malama! Malama!" ta kowane ɓangare, da ruwa, da ɓaraguzan silin, da wata yarinya Zulai da ta riƙe zanina, jini yana bin hannunta. An yi mata ɗinki a Ajingi, ta warke. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba. Rufin kuwa a gonar wani aka tsince shi. Amma tun ranar, ko akuya ta taka kwano sai in zabura. An ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ni ba tsumma nake gani ba. Hedimasta ya kwashe mu duka ya zuba a gini na biyu, wanda mutum ɗaya ya gina su tare, ga damina ko rabi ba ta yi ba. Ina rubutu a allo, kunnena yana sama.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne, takardar karɓar ginin nan ta bi ta teburin Yaya. Shi ma a ma'aikatar yake, mataimakin darakta. Kuma a 'yan kwanakin nan zai shiga intabiyu na neman kujerar da Baba ya zauna. Na ga sharuɗɗan a wayarsa: digiri na biyu, shaidar ƙwarewa a harkar saye-saye, shekaru masu yawa a bakin aiki, sanin dokar kwangila, iya sarrafa kwamfuta. Duk Yaya ya cika su, har da ƙari. Na rantse ba ya karɓar na goro. Ko ragon Sallah ɗan kwangila ya aiko, a ƙofa yake juya shi. Da Baba zai dawo, da ya yi alfahari da shi. Ina jin ma da Baba aka gindaya wa waɗannan sharuɗɗa, da ko ƙofar intabiyun bai gani ba, tunda shi difloma ya fara da ita, kwamfuta kuwa har ya rasu da yatsa ɗaya yake taɓa ta. Kuma ba zai raina su ba, don shi ya matsa wa Yaya ya koma karatu. Sai dai na san tambayar da zai yi bayan ya gama sauraro. Zai ce: to, wa ya hau?

Ranar Juma'a da Yaya ya zo gida, na tare shi a tsakar gida. Ban taɓa ɗaga masa murya ba, ranar ma ban ɗaga ba.

"Yaya, ka je ka ga ginin nan kafin a biya?"

"Auta, injiniya ya duba ya sa hannu. An turo mini hotuna ta waya, gaba da baya. Ayyuka nawa ne a gabana? In na ce sai na hau kowanne, sai jikokinki sun yi gemu ba a buɗe aji ba."

"A hoton an ga cikin silin?"

Ya ce, "Ki bari a wuce intabiyun nan. In na taso da maganar yanzu, hannuna ne a takardar."

Na ce, "Hadarin ma zai jira intabiyun?"

Umma na bakin murhu, ko waiwaye ba ta yi ba. Da safe Yaya ya shirya zai koma Kano, sai ya tarar da tsanin Baba, wanda ya shekara bakwai jingine a kusurwar zaure, an goge shi an shimfiɗe shi a gicciye a bakin ƙofa. Umma na zaune a gefe da carbinta.

"Umma, wannan fa?"

"Na ubanka ne. Tsallake, in ƙafarka ta kai."

Ya daɗe a tsaye. Daga baya ya sunkuya ya ɗauka, ya ɗaure a kan mota da irin ƙullin da ya saba tun yana yaro. Bai dube ni ba ya ce, "Ɗauko mayafinki."

Muka kama hanyar Ajingi, sai makarantarmu. Hedimasta ya buɗe mana gini na biyu. Yaya ya cire hula da agogo ya ba ni, ya kunna tocilar waya ya hau. Na riƙe masa ƙafar tsanin. Muna jin motsinsa a sama daga wannan kusurwa zuwa waccan. Can sai motsin ya tsaya. Muryarsa ta sauko a hankali.

"Malam, ranar Litinin kada yaro ko ɗaya ya shigo nan."

Ba ɗauri ko guda. Ƙusa ce kawai take riƙe da rufin da muka yi makonni muna zaune a ƙarƙashinsa.

Yanzu a gindin darbejiya muke karatu, in hadari ya taso a sallami kowa. Yaya ya kai rahoto a kan aikin da shi da kansa ya sa wa hannu. Ban sani ba ko za su ba shi kujerar, ko wannan ne zai hana shi. Umma ta ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Ni dai ba ni da ilimin da zan gyara wa manya sharuɗɗansu. Roƙona ga masu tantancewa, bayan sun gama duba takardu, su tambayi kowane mai nema yaushe rabon da ya shiga ƙarƙashin abin da ya saya, ya ɗaga kai. Gani ya kori ji, ya kori hoto ma.

Baba bai bar mana gidan bene ba, sunansa ma ba ya jikin allon kowace makaranta. Amma akwai ajujuwa tsakanin Gaya da Kademi da fentinsu ya koɗe, tagoginsu sun ɓalle, rufinsu na nan inda ya bar shi. Allah ya jiƙan Jemage, ya sa kabarinsa ya zama dausayi. Hannuna har yanzu bai daina rawa ba. Amma jiya da na shiga zaure na ga kusurwar nan wayam, sai inuwar tsatsa a bango. Yaya bai dawo da tsanin ba.