Takardun Lusiyen a ƙarƙashin katifa

Shekara biyar ke nan da rasuwar Lusiyen, Baturen Faransa da na yi wa tuƙi a nan Doha har gemuna ya yi fari. Ni ba marubuci ba ne. Ina aji uku hedimasta ya shawarci mahaifina a daina wahalar da benci. Mai karatu ya yi haƙuri da ni, abin da na gani zan faɗa.

Aikin Lusiyen kallon halittu ne da zana su. Tun yana saurayi ya bar ƙasarsu, ya zaga duniya, ƙarshe ya yada zango a Qatar, inda ake cewa babu komai sai yashi da gini. Shi bai yarda ba. Mukan fita bayan gari da sassafe, ya kwanta rub da ciki a bakin ramin damo, fensir a hannu, ni ina mota ina cinye masa dabino. Ya zana tsuntsayen da ke ratsawa lokacin sanyi, da ƙaguwar bakin teku, da ciyawar da ruwan sama ke fitarwa ta bushe kafin ka gama yaba ta. Ƙasan kowane zane akwai rubutu kamar sawun tururuwa: wurin, yanayin ranar, abin da dabbar ke ci. Ni ma ya taɓa zana ni ina barci baki buɗe. Ban tambayi ajin halittun da ya saka ni ba.

Korona ta ɗauke shi a asibiti, ba a bar kowa ya shiga ba. Masu gidan da yake haya suka kira ni in kwashe kaya. Takardun sun cika akwatin ƙarfe guda, na kai su ɗakinmu a Bin Omran. Wani ɗan Nijar mai jin Faransanci ya kira mini ɗan 'yar'uwar mamacin, wanda shi kaɗai ya rage masa. Mutumin ya yi godiya ƙwarai, ya ce gidansa ƙarami ne, in yi yadda na ga dama da su. Amana ta faɗo kan wanda ko sunan mai ita bai iya rubutawa daidai ba.

Dokta Bashir, malamin jami'a ɗan Zariya da muke sallar Juma'a tare, ya duba takardun. Sannan ya ce darajarsu a haɗe take, kada in kuskura in raba su, zai nemo ɗakin karatun da zai karɓa. Yana cikin nema gasar kofin duniya ta matso. Mai gidanmu ya hango 'yan kallon ƙwallo, ya ce mana khalas, wato shi ke nan, kowa ya kama gabansa. Ni aka jefa ni Al Wukair, gado bisa gado, inda ko buta sai da izini za ka ajiye. Dokta yana hutu a gida, wayarsa ba ta shiga. Akwati ya rasa masauki.

Awudu, abokin ɗakina ɗan Zangon Kumasi, shi ya kawo shawara. Ya ce duk ɗan ci-rani ya san inda takarda ke zama lafiya: ƙarƙashin katifa, inda muke ajiye kwantiragi da hoton iyali. Ba ta lanƙwashewa, laima ba ta kai mata. Muka zauna a ƙasa muka kasa su. Ina can ina surutu 'yan ɗaki suka zaɓe tsuntsaye da furanni, na tashi da buzuzu, kunama da gizo-gizo. Awudu ya ce an haɗa ni da dangina.

Gasa ta ƙare, aikin da yawansu ya ƙare da ita. Suka koma gida, katifu suka zauna, abin da ke ƙarƙashinsu ya bi masu shi.

Nakan tambayi kaina me Lusiyen zai ce da ya ga yau. Filin da muke farautar damo da fensir ya zama benaye, ina jin ma a kan wani rami nake kwana. Na san ba zai yi kuka ba. Zai tsuguna a gindin fitilar titi ya ga wane ƙwaro ne ya tare a sabuwar unguwar. Batun rabon takardunsa ne ban san hukuncinsa ba, kuma shi ke damuna.

Bana Dokta ya samu ɗakin karatun, amma sun ce a kawo duka. Na bi mutanena a waya. Guda ya aiko nasa ta hannun matafiyi, wani lambarsa ta mutu. Awudu kuwa ya juya mini kyamara. Tsuntsayen Lusiyen na jere a bangon shagon ɗinkin matarsa, kowanne cikin gilashi, mata na nuna launin da suke so a haɗa musu a riga.

"Baba Sale, in ka ce in cire, zan cire, amanarka ce," in ji shi. "Amma kai za ka gaya wa Hajiya, ba ni ba."

Na kalli bangon nan, na tuna mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana roƙon mutane su tsaya su duba. A Kumasi ga su a tsaye suna dubawa, har da gardama.

Dokta ya ce na ɓata tarihi, kuma ba zan ce ƙarya ya yi ba, don rubutun da ke ƙasan tsuntsayen babu mai karanta shi a shagon. Da ƙyar ya shawo kan masu ɗakin karatu suka karɓi abin da ya samu. Na kai musu kunamuna da kaina, wata mata ta sa safar hannu kafin ta taɓa su, ni da na shekara uku ina munshari a kansu. Ta tambayi ina sauran. Na ce mata suna wurin aiki.