Zauren da na kusa rushewa

Shekarun baya na ƙudurta rushe zauren gidanmu a Birnin Gwari. Ginin ƙasa ne, kakana ya ɗauko magini tun daga Zariya ya yi shi. Ni kuwa na gaji da yaɓe duk shekara, shagon bulo nake so a wurin. Har na sa leburori su zo ranar Asabar.

Da na gaya wa mahaifiyata, cewa kawai ta yi, "Ta nan aka shigo da ni ina amarya, na so a ce ta nan za a fitar da ni. Amma gidanka ne." Na san ta ji zafi. Na yi kamar ban sani ba.

Ranar Alhamis da la'asar abokina ya zo, malamin tarihi ne, Kirista daga kudancin Kaduna. Muna zaune a zauren ya miƙo mini wayarsa. Hoton wani gidan 'yan zuhudu ne a ƙasar Armeniya, ginin dutse a kan tsauni. Ya ce ya yi ɗaruruwan shekaru, ya ga yaƙi, ya ga girgizar ƙasa, yana nan. Cocin ciki na da hula mai tsini kamar ta rumbu. A gabansa kuma akwai babban ɗaki inda ake taruwa, a yi karatu, har manyansu a nan ake binnewa. Ya nuna mini rufin: bakuna biyu masu lanƙwasa kamar bakan gizo sun taso daga nan, biyu daga can, sun sarƙe a sama, ba ginshiƙi a tsakiya, sai 'yar kafa da haske ke saukowa.

Ni sarkin iyayi na ce, "Kai! Waɗannan su ne magina. Mu nan me muka iya?"

Daidai nan Inna ta kawo mana kunu. Abokina ya ce, "Mama, duba ki gani." Ta kai wayar kusa da ido, ta daɗe, sannan ta ce, "Wa ya ɗauki zauren nan hoto?"

Na fashe da dariya. Abokina bai yi ba, sama yake kallo. Na bi idonsa. Wallahi ga su nan, bakuna huɗu a sarƙe, ɗaurin guga na ƙasa da azara, sun yi baƙi da hayaƙi. Kafar hasken ce kawai babu. Tun ina rarrafe nake bi ta ƙarƙashinsu, ban taɓa tsayawa na duba ba. Kunya ta kama ni har na kasa shan kunun.

Leburorin sun zo da diga ranar Asabar, na sa su kwaɓa ƙasar yaɓe. Babbansu ya tambaye ni ko lafiyata ƙalau.

Har yau abin na damuna: sai da na ga irinsa a ƙasar wasu na yarda namu abin kallo ne, alhali maganar Inna kaɗai ta isa ta hana ni.

Bara ta rasu. Ta zauren muka fitar da ita. Ina riƙe da gaban makara, da muka zo tsakiya na ɗaga kai.