Gishiri a Akwatin Tsoho

Jiya dutsen guga ya yi tartsatsi a hannuna, ƙaurin waya ya cika ɗakin, sai na tsinci kaina zaune a bakin gado gabana yana faɗuwa. Bari in gaya maka dalili, don ban taɓa gaya wa kowa ba.

Ina 'yar shekara tara aka kawo ni riƙo daga Nariya zuwa gidan kakannina a Rano. Kakana, wanda kowa ke kira Tsoho, a sashen sadarwa ya yi soja. Da ya bar aiki bai dawo da komai ba sai tari da rediyon magana, irin wadda muke ce wa oba-oba. Ya ja eriya daga kan darbejiya zuwa wani dogon gora a bayan turakarsa. Kusa da rediyon akwai wani baƙin akwatin ƙarfe mai hudoji a sama, shi ke ƙara wa murya ƙarfi ta kai nesa. Cikinsa wata kwalba ce kamar ta fitilar ƙwai, mai yin ja in ta ɗau zafi. An daina kawo irinta. Guda ɗaya ta rage masa ta ajiya, ya nannaɗe ta a tsohuwar safa.

Kowace Juma'a bayan la'asar yakan tada injin wuta ya yi magana da amininsa da suka yi soja tare, wanda ke zaune can gabas bakin iyaka. Hirar ba ta wuce ciwon ƙafa da yadda shuka ta yi da wanda ya rasu. Amma ranar har wanka na biyu Tsoho yake yi, kakata tana yi masa tsiya wai zance za shi.

A tsakiyar damina kakata ta aike ni sayen gishiri. Na tsaya 'yar carafke da ƙawaye, ruwa ya kama ni, ƙullin ya jiƙe sharkaf. Na san halin kakata da hannunta. Tsoho ya gama gwada kayansa ke nan ya tafi masallaci, na san kuma akwatin nan yana daɗewa da ɗumi. Na saci jiki na shiga turakar da aka hana kowa shiga, na shanya ƙullin a kan hudojin. Da na dawo ɗauka ya ɗan tsane, na goge wurin da gefen zanena na kai wa kakata. Ban yi tunanin inda ruwan ya tsiyaya ba.

Ranar Juma'a ina shara a ƙofarsa na ji wani tas, kamar an tsula bulala. Fis ya ƙone. Ya sa wani, ya danna abin magana, aka sake yin tas. Sai ya kira ni. Ya rufe taga, ya rataya bargo a ƙofa, ɗakin ya yi duhu tun rana ba ta faɗi ba. Lokacin yanar ido ta fara rufe masa gani.

Ya ce, "Amarya, ke za ki duba mini. In wutar ta tashi a cikin gilashi, kwalbar ce ta mutu, sai mu sa ta ajiya. In kuwa a waje ta tashi, wajen gindinta, to wani abu ne ya shiga akwatin. In na sa sabuwa a haka, cinye ta zai yi."

Ya ɗaga murfin, ya tsayar da ni nesa kaɗan, ya ce in harɗe hannuwana a baya. Ya danna. Na gani sarai. Wata shuɗiyar wuta ta yi tsalle a gindin kwalbar, a waje, daidai ƙarƙashin inda na shanya ƙullin.

"A ina?"

"A ciki," na ce.

"Kin tabbata?"

Na ce na tabbata. Tsoro ne ya yi magana, amma bakina ne.

Ya kashe inji. Ya ɗauko sukudireba mai waya a ɗaure, hannu ɗaya a bayansa, ya taɓa wurare biyu don sauke wutar da ke maƙalewa a ciki, wadda ya ce tana iya kashe ƙato. Ya zare tsohuwar kwalbar, ya warware safa, ya yi bisimilla ya zaunar da sabuwar. Ya sake tada inji. Sai an jira ta yi ja kafin a danna, kuma duk wannan jira ina tsaye, maganar tana maƙoshina. Ana cikin haka muryar amininsa ta fito daga rediyon, sama-sama: "Rano, Rano, kana ji na?" Tsoho ya yi murmushi ya danna.

Ƙarar ta fi ta dā. Jan da ke cikin kwalbar ya yi fari, sannan ya mutu, hayaƙi ya biyo hudojin.

Washegari ya fito da akwatin rana. Ina wanke-wanke ina satar kallonsa. Ya bi gindin kwalbar da yatsa, ya ji baƙin layin da wuta ta ƙona, ya ji wani farin gari a gefensa. Ya kai yatsan bakinsa. Sannan ya juyo wajena.

"Amarya, kawo mini ruwa in kuskure baki."

Iyakar abin da ya ce a kan maganar ke nan, har ya bar duniya. Da ma ya doke ni da na fi samun sauƙi.

Ya aika Kano neman kwalbar, ba a samu ba. Rediyon tana kamo magana, amma ba tare da akwatin ba muryarsa ba ta kai ko'ina. Duk da haka kowace Juma'a sai ya yi wanka ya zauna. Amininsa ya yi ta kiran Rano, Tsoho yana amsawa, "Ina jin ka, ina jin ka," shi kaɗai a ɗaki. Ya sa an rubuta wasiƙa, ban san ko ta isa ba. Wajen yankan gero kiran ya tsaya. Bayan an kai amfani gida takarda ta zo daga ɗan mutumin cewa ya rasu.

Yanzu turakar an fasa mata ƙofa ta waje, ta zama shagon cajin waya. Matasa na zaune a bakinta suna magana da mutanen ƙasashen da Tsoho bai taɓa kamowa ba, har suna ganin fuskar juna. In an kira su ba su ga dama ba, sai su kife wayar su ci gaba da hira. Ni kuwa 'ya'yana dariya suke yi mini, wai ba na iya barin waya ta yi ƙara sau biyu, ko da lambar ban san ta ba, ko hannuna na cikin ƙullu. Gaskiyarsu ne, ba na iyawa.